Laraba ta Maza Ce

Idan mutum ya rubuta doka da hannunsa, wani ya tsare ta da sandarsa, na uku kuma ya bi ta ba gardama har ta cutar da shi, wa za a fara tambaya a cikinsu ranar gobe? Na kai wa malamai biyu wannan tambayar, ɗaya a Zurmi, ɗaya a Ƙaura. Dukansu sun ce ana duba niyya. Na san haka. Niyyar tawa ce har yau ban gama ganewa ba.

Sunana Muhtari. Ban yi makarantar koyon aikin lafiya ba. Da shara na fara a ɗakin shan magani na garinmu, can ƙasar Zurmi, daga nan sai wankin gyambo, sai allura. Karatun boko a ajin yaƙi da jahilci na same shi, ragowar kuma a jikin kwalaben magani da tsofaffin littattafan da ma'aikata suka bari. Da aka ba mu jihar Zamfara, da yawa daga cikin manyanmu suka tattara suka koma Sakkwato. Haka na wayi gari ni ne shugaban wurin, bayan shekara goma sha tara ina riƙe wa wasu kwanon allura.

Ginin ɗaki biyu ne da baranda. A babban ake duba marasa lafiya. Ƙaramin a da sito ne, yana da ƙofar baya da ke fita gindin wata dalbejiya. Na kwashe tarkacen ciki, na shafa farar ƙasa, na sa tebur da kujera biyu, na sa aka rubuta sunana a allo aka kafa a ƙofa. Wanda yake da takardar shaida, ko a tsaye yake an san shi shugaba ne. Ni ba ni da ita. Wannan ɗakin shi ne takardata.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina cikin waɗanda suka je Gusau a bayan buɗaɗɗiyar mota, kuma na yi kukan murna. Bayan 'yan watanni dattawan gari suka zo mini, Liman Nasidi ne a gaba. Suka ce maza da mata suna cakuɗa a barandar asibiti, benci ɗaya, layi ɗaya, a gyara. Gaskiya suka faɗa. Suka bar mini yadda zan gyara.

Na raba ranaku. Litinin da Alhamis na mata, Laraba da Asabar na maza, sauran ranakun sai lalurar gaggawa. Laraba ita ce ranar kasuwarmu. Lissafina shi ne ran nan maza ke cika gari daga ƙauyuka, matan gari kuwa ba su son fita cikin baƙin maza. Na rubuta tsarin da babban baƙi na manna a bango, na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya gina masallaci.

Zuhura ce kaɗai ta yi magana. Ita ce malamarmu mai awon ciki da karɓar haihuwa, uwarta Bafulatana ce. Ta shigo ofis ba ta zauna ba.

"Malam, matan ruga hwa?"

"Mata ne. Litinin da Alhamis."

"Da wace mota? Ka taɓa ganin mota ta bi hanyar bayan gulbi in ba Laraba ba? Ran nan suka kawo nono, ran nan suka biyo nan in duba su. In ka ɗauke masu Laraba ka ɗauke masu asibitin ke nan."

"To mi kike so in yi? In ce wa Liman a ci gaba da cakuɗa?"

"Ba ni ɗakin ga ran Laraba. Ƙohwa tai daban, inuwa tai daban. Su shigo ta baya, maza na gaba, ba mai ganin wani."

"Ni kuma in zauna ina?"

"Inda ka zauna shekara sha tara, Malam. Ko bencin ya fara cizo?"

Da wasa ta faɗa, tana dariya, amma maganar ta same ni inda ba na son a taɓa. Na ce mata ofis ba ɗakin awo ba ne, akwai takardun hukuma a ciki, kuma doka in aka fara huda ta ba ta ƙara riƙe ruwa. Ta ce to. Tun daga nan Laraba ta zama ranar da take zagaya gidajen masu jego a cikin gari, tunda ba ta da aiki a asibiti.

Wata Laraba cikin damina, wajen hantsi, Liman Nasidi yana zaune a ofishina ina duba masa ido. Yana ta yaba tsarin, yana cewa har a Moriki ya ba da labarina. Sai na ji muryar Na'Allah mai gadi a bakin ƙofar shiga. Tsohon soja ne, ba ya karatu, amma ya haddace abin da ke bango.

"Ke 'yar Hilani, ina za ki? Yau ta maza ce."

Wata murya ta amsa a hankali, da Hausar da ba ta zauna ba. Na ji kalmar "kai", na ji "Malama".

"Malama ba ta nan. Ciwon kai kowa na yi nai, ni ma da shi na kwana. Ki dawo Alhamis, gobe-goben ga."

Na leƙa ta taga. Katangar baranda ta kare ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Na ga ƙwarya a kanta, na ga tana da ciki, na ga ta dafe goshi da hannu ɗaya. Ban ga ƙafafunta ba. Da na gan su da na san abin da ke faruwa, domin na karanta shi, na kuma gan shi ba sau ɗaya ba: kumburin ƙafa da ciwon kai ga mai tsohon ciki, alamar hawan jini mai kawo jijjiga. Taku goma ne tsakanina da ita. Abin awon jini yana kan teburina.

Liman ya ce, "Ka gani? Haka aka son aiki. Ba sani ba sabo."

Na yi murmushi, na koma kan idonsa.

Nan ne tambayata take. Liman bai ce kada in fita ba. Da na ce masa ga mai ciki, na tabbata shi ne zai fara cewa in je. Takardar bango ma ta bar ƙofa ga lalurar gaggawa. Na'Allah ya yi abin da na koya masa. Ita kuma ta juya ba musu. Kowa ya yi daidai. Ni kaɗai na san cewa na ji a jikina ya kamata in tashi, na zauna, saboda ana cikin yabona.

Ba ta dawo ran Alhamis ba. Na lura da haka, na ce wa kaina ta sami sauƙi.

Bayan mako uku, wata Talata, wani Bafulatani dogo ya yi sallama a ƙofar ofis. Ya tuɓe takalmansa tun daga baranda, ya jingine sandarsa, ya tsuguna duk da na nuna masa kujera. Ya ce sunansa Dikko, daga rugar bayan gulbi, da ƙafa ya zo tun asuba. Ya zaro wata takarda daga cikin hularsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ta asibitin Ƙaura ce. Sunan mai ita Zulai, matarsa, mai cikin nan da Na'Allah ya mayar. Jijjiga ta kama ta ran Juma'a, kwana biyu bayan zuwanta wurinmu. A amalanken shanu suka fito da ita zuwa titi. An ceto ta. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba. A ƙasa an rubuta a riƙa auna jininta kowane mako, domin bai sauka ba.

Na karanta sau biyu. Na jira ya ɗaga murya. Na so ya ɗaga.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "laifinmu na. Mun zo ba ranarmu ba. Ba mu da karatu, ba mu san an sake ba."

"Malam Dikko, ba laifinku ba ne."

"Allah ya riga ya rubuta. Abin da ya kawo ni, in ji ta bakinka, wace rana ce tamu, kada mu ƙara kuskure."

"Litinin da Alhamis."

Ya lissafa da yatsunsa.

"Ba ta iya tahiyar ƙasa yanzu. Sai dai ta biyo motar Laraba, ta kwana gari, a gane ta Alhamis. To komawa sai wata Laraba." Ya ɗan yi dariya. "Ka ga ta zama 'yar birni ke nan. In na samu inda za ta kwana za mu zo. In ban samu ba, Allah na nan."

Ya yi godiya, ya sa takalmansa ya tafi. Har ya kai bakin ƙofa yana gaida Na'Allah da aiki.

Na daɗe zaune. Na yi ta juya abin yadda na saba juya komai: ko da na fita ran nan, wa ya ce ɗan zai rayu? Ba mu da maganin jijjiga a nan, iyakata in ce su wuce Ƙaura. Amma da sun wuce ran Laraba, da mota, tana kan ƙafarta. Kowace hujja na kawo sai ta tsaya a kan waɗannan kwana biyun.

Da Zuhura ta shigo na ba ta takardar. Ta karanta a tsaye. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Cikinta na huɗu ke nan, ba ko ɗaya a raye. Ni nika auna ta tun watan uku." Ta ajiye takardar a kan teburina, ta daidaita ta da gefen tebur, ta fita. Na bi Dikko a kan keke na same shi kafin gulbi, na ce gobe ya sa Zulai a mota.

Washegari na riga kowa zuwa. Na kira Na'Allah na ce ya kama mini tebur.

"Ina za mu da shi, Malam?"

"Baranda."

"Cikin maza? Marasa lahiya su riƙa yi maka tari a kan takardu?"

"Kama can."

Teburin ya ƙi fita sai da muka kwantar da shi a gefe, ƙafa ɗaya ta karce farar ƙasar bango. Muka shigo da gadon awo daga babban ɗaki, muka kai benci ɗaya gindin dalbejiya. Sakatar ƙofar baya ta yi tsatsa, sai da na sa dutse. Maza sun fara taruwa, suna kallona ina zufa. Wani ya ce ko an sauke shugaba ne, aka yi dariya.

Zuhura ta iso da jakarta ta zagayen gidaje. Ta dubi tebur a baranda, ta dube ni.

"Liman ya sani?"

"Zan same shi bayan azahar."

"In ya ce a'a hwa?"

"Sai ya zo ya kama mini mu mai da teburin. Ke dai shiga."

Na juya ga Na'Allah. Na ce ya bar ƙofar gaba, ya tafi tasha ya jira motar bayan gulbi. Duk macen da ta sauko da ƙwarya, ya gaya mata Malama na nan, ta zagayo ta baya.

"Yau Laraba hwa, Malam," ya ce.

"Na sani. Yi sauri, ta kusa isowa."