Jinin Gidan Namadi

Ciwon ya fara kama Namadi yana da shekara talatin da biyu. Idanunsa suka yi ja kamar garwashi, rana ta zama abokiyar gaba, sannan wani hazo ya sauko masa bai sake tashi ba. Haka ya yi wa ubansa, haka ya yi wa wansa Gajere. A ƙauyensu, kusa da Attantané, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Matarsa Zara'u ta daina sauraren kowa. Ita ke noma, ita ke jan sandarsa zuwa masallaci.

Shekarar da soja suka karɓe mulki a Yamai, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, mata suna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci suna ci. A layin rabon hatsi na Mayahi wani likitan ido mai suna Abdussalamu ya tsaya kan Namadi, ya haska masa fitila, ya daɗe yana kallo.

"Akwai wani mai irin wannan a danginku?"

Zara'u ta fara lissafi da yatsu, har ta koma hannu na biyu.

Bayan sati likita ya iso ƙauyen a kan moto, wato babur. Ya zana dangin kaf a takarda, har da matattu, ya ɗebi jinin mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da 'ya'yan Zara'u uku. Tsofaffi suka yi gunaguni: mutane ba su ƙoshi ba, ana ɗibar musu jini. Zara'u ce ta riƙe hannun yaran da kanta. Ta ɗauka wanda ya sha wannan wahala ba zai dawo hannu wofi ba.

Sai bayan girbi ya aiko ta same shi a Mayahi. Ya ba ta kujera, ya ce an auna jinin a ƙasar waje, an gano abin. Ba sammu ba ne. Wata 'yar tangarɗa ce cikin halitta, uba ke miƙa wa 'ya'yansa, ita ke sa idon ya yi ta kumburi har ya mutu. Gidajen da aka sani da ita a duniya ba su da yawa.

"To, maganin fa, likita?"

Ya sunkuyar da kai. "Akwai na ɗigawa, yana rage zafi, yana jinkirta shi. Na warkewa ba a samu ba tukuna, Zara'u. Ana nema."

Ya ce takardar ta nuna waɗanda suka gada cikin yaran. In ba ta son sani, zai rufe ta.

Ta ɗago ta dube shi.

"Faɗa mini."

"Manzo ya tsira. Halimatu da Furera suna ɗauke da shi."

Halimatu ce ta ɗaya a ajinsu na lakwal. Furera ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

Zara'u ta hau amalanken 'yan kasuwa ta koma gida, kwalabe biyu ɗaure a bakin zane. Namadi na zaune gindin itacen bedi, ya gane tafiyarta.

"Me ya ce?"

"Ya ba da magani."

"Yaran fa?"

Ta durƙusa ta buɗe masa ido ta ɗiga, ɗaya bayan ɗaya. Maganin ya gangaro masa kan gemu. Bai sake tambaya ba. Can ya ce a kira masa 'yan matan su zauna kusa da shi.