Garin da Gwaggo Haulatu Ta Sha

Ni na kai kububuwar gidan Baffa Zulkifilu, a cikin gwangwanin madara, ranar da kowa ya tafi suna. Na sake ta a ƙarƙashin rumbu.

Tun da na bar makaranta babu sana'ar da na yi wata uku a kanta. Na yi haya da babur, na yi dako a tashar Daura, sannan na bi wani gardi mai wasa da macizai a kasuwa. Shi ya nuna mini yadda ake ba maciji tsumma ya sara, a fizge, haƙoran dafin su fita. Sati biyar na yi da shi na gaji. Na dawo ƙauyenmu kusa da Sandamu da ƙullin garin sassaƙe, ina cewa duk wanda ya sha, dafi ba zai kama shi ba.

Ba wanda ya saya. A ƙofar masallaci Baffa ya ce, "Munzali da ko kunama ba ya iya takawa?" Aka yi ta dariya.

Mutum ɗaya ce ta sha, Gwaggo Haulatu, yayar babana da ta raine ni bayan rasuwar uwata. A gidan Baffa take zaune. Ta dama a kunu ta shanye, ta ce, "Ku bar mini ɗana. Ya samo ilimi."

Abin da na shirya shi ne a ga macijin, a tsorata, in zo in kama shi da hannu a gaban kowa. Na riga na fizge mata haƙora da tsumma. Washegarin sunan aka ji ta. Kububuwa in ta ji motsi takan goga jikinta, ta yi ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Matan gidan suka daina zuwa ɗibar gero. Baffa ya sa hayaƙi, ya zuba kananzir, ta ƙi fitowa. Ni kuwa na ce ba zan je ba sai ya aiko da bakinsa. Kwana goma sha ɗaya ina jira.

Ban san haƙoran suna sake fitowa ba. Ban zauna wurin gardin har ya kai ga faɗa mini ba.

Da hantsi ranar Talata, zabuwar Gwaggo ta shiga ƙarƙashin rumbun ta yi ƙwai. Siddiƙa matar Baffa ta ce, "Yaya, kada ki sa hannu!"

"Ke da ba ki sha ba ce za ki ji tsoro," in ji Gwaggo.

Da na iso, hannun ya kumbura har gwiwa. Baffa ya riga ya fito da babur. Gwaggo ta ƙi hawa. Ta dube ni ta ce, "In na tafi asibiti, sun samu abin yi maka dariya. Faɗa musu, ɗana. Maganin zai yi aiki ko?"

Tsakar gidan cike da mutane, har da waɗanda suka yi dariya a masallaci. Na ce, "Zai yi, Gwaggo."

Baffa ya mayar da babur zaure.

Da la'asar dasashinta ya fara zubar da jini. Washegari har tsohon tabon ƙafarta ya buɗe. Sai a lokacin aka ɗauke ta, ba ta iya yin musu ba. Ba su kai Daura ba.

A wurin zaman makoki wani dattijo ya matso ya tambaye ni ko maganin yana da sharaɗi. Na tuna miyar kuɓewar da na gani a tukunyar gidan ranar Litinin. Na ce wanda ya sha ba ya cin kuɓewa, kuma na faɗa wa Gwaggo.

Siddiƙa ce ta dafa miyar. Tun ranar ba wanda yake cin abincinta, kuma kafin sadakar bakwai Baffa ya mayar da ita gidan iyayenta.

Kububuwar na danne ta da sanda mai baki biyu, na ɗaga ta kowa ya gani. Ranar na sayar da ƙulli goma sha tara. Baffa ya karɓi biyu, ya tambaye ni ko busasshiyar kuɓewa ma tana ciki.

Na ce tana ciki.