Sunan da ke Wuyan Riga

Alhaji Ya'u ya kai hannu daga kan gadon jinya ya shafa aikin wuyan rigar da ke rataye kusa da shi.

"Wagga aikinka ta, Garba," ya ce a hankali. "Ko ido rufe na san hannunka."

Garba ya waiga ƙofa. Babu kowa. Shekara ashirin yana jiran wannan magana, sai ga ta a ɗakin da babu shaida.

Tare suka koyi ɗinki a kasuwar Bodinga, maƙwabta ne katanga ɗaya, kuma kowa ya san Ya'u bai taɓa fitar da wuyan riga daidai ba. Amma shi ya sayi kekuna goma sha biyu ya zuba teloli, har da Garba. Kowace riga sai an liƙa mata ɗan ƙyalle mai sunan Ya'u kafin ta bar shagon. Garba bai yi hassadar motar Ya'u ba, bai yi ta gidan benensa ba. Ƙyallen nan ne ke cin ransa.

"Ka hwaɗi haka gaban mutane, Alhaji."

"Gobe, in sun taho gaisuwa."

Da hantsi washegari kuka ya tashi a gidan.

Khalid, babban ɗan mamacin, ya kawo farin yadi. Garba ya zauna a zaure ya haɗa likkafanin. Da ya gama, hannunsa ya zarce aljihu da kansa, ya fito da ƙyallen nan mai sunan Ya'u. Sai da ya kai shi bakin yadin ya tuna. Kunya ta kama shi, ya dunƙule hannu.

A zaman makoki, wani ɗan kasuwa daga Shagari ya ɗaga wuyan rigarsa yana nuna wa jama'a.

"Ku dubi aiki. Irin hannun Alhaji ya tahi ke nan, ba a sake samu nai."

Aka yi ta gyaɗa kai. Garba ya buɗe baki, sai liman ya ɗaga hannu, kowa ya shiga addu'a. Shi ma ya ɗaga nasa.

Da yamma Khalid ya rako shi ƙofa.

"Baba, ran Asabar muna buɗe shago. Sunan ba ya canzawa."

Garba ya shiga gida ya zauna kan tabarma. Ya ciro ƙyallen, ya shimfiɗa shi a gwiwa, yana goge tattararsa da babban yatsa.