Ya Yi Barci

Ranar da labarin ya zo, Inna tana tsaye tana guga. 'Yarta ta faɗo ɗakin da waya a hannu, ko takalmi ba ta cire ba.

"Inna, sun ɗauke ni! Karatun likita!"

"Likitan me?"

"Na yara mana, in Allah ya kai ni."

Sai da ƙauri ya cika ɗakin Inna ta tuna dutsen guga yana kan riga. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, ita kuwa ta kasa murna.

Tana da dalili. Shekarun baya zazzaɓi ya kama autanta. Ta goya wa yarinyar shi, lokacin ba ta fi shekara tara ba, ta ruga sayo magani. Ta dawo ta tarar da ita tana jijjiga shi a bakin ƙofa, tana cewa, "Inna, yi a hankali, ya yi barci." Ashe ba barci ba ne.

Yarinyar ta yi watanni ba ta ce uffan ba. Da bakinta ya buɗe, sai ta zama ba ta iya ganin yaro yana barci ta ƙyale shi. Sai ta ja masa yatsan ƙafa, ya tsandara kuka, sannan hankalinta ya kwanta. Matan layin suka sa mata suna Tada-barci.

To, wannan ce za a kai ɗaki cike da yara marasa lafiya? Wata rana wani ba zai farka ba, kuma a hannunta. Inna tana tsoron shirun nan ya dawo, ya ƙi tafiya.

Duk hutun da 'yarta ta zo gida da littattafai masu hoton ƙashi da hanji, sai Inna ta gwada ta.

"Ke, ki koma haƙori mana. Kin taɓa jin haƙori ya mutu a hannun likita?"

"Kai, Inna! In ƙare rayuwata ina leƙa bakin tsofaffi?"

Shekaru suka tafi, aka tura ta ɗakin yara a asibiti. Kullum da la'asar takan kira. Ran nan la'asar ta wuce, shiru. Inna ta kira, ba a ɗaga ba. Ta yafa mayafi a baibai ta nufi asibiti.

Ɗakin dogo ne, ƙananan gadaje a jere, warin magani ko'ina. Can ƙarshe ta hango 'yarta cikin farar riga, tsaye gaban gadon da aka yaye wa zani, sai baƙar katifa.

"Uwata," in ji Inna, don haka take kiranta in abu ya yi tsanani.

Ba ta juyo ba.

"Uwata, yi mini magana. Ko zagina ne."

Sai 'yarta ta ɗago, idanunta jajur.

"Ya rasu, Inna. Da hantsi. Uwarsa ta tambaye ni ko barci ya yi, na ce mata a'a, ya rasu. Da bakina na faɗa."

Ta share fuska, ta ja Inna zuwa gado na gaba, inda wani jariri ke kwance lamo. Inna ta zuba wa hannun 'yarta ido, tana jira ya nufi yatsan ƙafa. Hannun ya ɗaga 'yar rigarsa kawai.

"Kalli cikin. Kin ga yana hawa yana sauka? Ba sai an tashe shi ba."

Tsoron bai bar Inna ba. Har yau in la'asar ta gabato takan ajiye waya kan cinya. Maƙwabciyarta kuma takan bar mata jaririya kowace safiya in za ta aiki. Da jaririyar ta yi barci, Inna takan kife dutsen guga, ta durƙusa bakin shimfiɗa, ta ɗaga 'yar rigar.