Gumbar Inna da Baƙar Hamma

Tun ranar da aka ce Mansura Amani ta fara sabon littafinta, Hindu ta daina zama wuri ɗaya. Lafiyarta lau. Buri ne guda ya tsaya mata a rai, irin burin da mai hankali ba ya faɗa a gaban manya: so take annoba ta shigo garinsu Attantane ta share kowa, har da ita.

A cikin littafi, ba shakka. Amma je ka bayyana wa tsohuwa wannan bambanci, in ka iya.

Hindu malamar lekol ce, ƙananan yara take koyarwa, kuma in ka gan ta da alli a hannu sai ka rantse ko kaza aka yanka a gabanta kau da kai za ta yi. Ina! Ba abin da ke mata daɗi a duniya irin labarin da zai sa tsikar jikinta ta tashi. Tana cikin wani grup na waya inda masu irin wannan ciwo nata suka taru, daga Mayahi, Tasawa, Urafane har Maraɗi, kuma gwanarsu ita ce Mansura Amani, 'yar Tasawa, mai rubuta labaran tsoro tana turo musu kashi-kashi. Wannan karon sunan littafin Baƙar Hamma. Cuta ce da ke kama mutum ta hamma: ya buɗe baki, bakin ya ƙi rufuwa, duk wanda ya gan shi shi ma ya kama, daga nan barci ya ɗauke su, barcin da ba a tashi. Abin da ya haukata grup ɗin kuwa shi ne alkawarin marubuciyar cewa ba wata ƙasa mai nisa za ta kai annobar ba. Garuruwansu na gaske za ta bi, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Nan fa kowa ya shiga roƙo a fara da garinsu.

Shi kuwa Lamine, ɗan kawun Hindu mai gyaran babur a Urafane, bai roƙi kowa ba. Taubashinta ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya sa ɗaya cizon yatsa ba. Saƙon murya kawai ya turo mata, yana magana a hankali kamar mai yin jaje.

“Hindu, kwantar da hankalinki. Ku 'yan Attantane ba abin da za ya same ku. Annoba ma tana da aikin yi, ba ta ɓata esansin motarta ta taho garinku.”

Ta yi dariya, ta mayar masa da tasa, amma maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Ta karanta littattafai na Hausa da na Faransanci ba adadi, ta san titunan biranen da ba ta taɓa takawa ba, amma ba ta taɓa cin karo da sunan Attantane a cikin labari ba. Ko wucewa ta gefensa ba wanda ya taɓa yi.

Littafin ya fara fitowa lokacin kaka, an kwaso wake daga gona. Gidan su Hindu rezo ba ya shiga ɗaki, sai an hau tsanin da ke jingine da rumbu an ɗaga waya sama. Haka za ka ga malama guda a kan tsani bayan la'asar, zane a ɗaure tam, tana jiran sabon kashi ya sauka. A ƙasa matan unguwa sun kewaye tabarma suna ɓarar wake, kan gaba Tanna maƙwabciyarsu, wadda ta fi kowa tsoro kuma ta fi kowa zuwa da wuri.

Hindu ta iya karatu, wannan kam ko Lamine ba ya musu. Ta san inda za ta rage murya har sai an matso, ta san inda za ta yi shiru ta bar mutane da bugun zuciyarsu. Ranar da annoba ta ci Maraɗi, Tanna ta kifar da faifan wakenta. Ranar da ta sauka a tashar Mayahi cikin motar haya, direba ya mutu baki buɗe a kan sitiyari, mata suka yi salati sannan suka ce a maimaita wurin. Wahalar ita ce duk labarin hamma ne, kuma ba abin da ke kawo hamma irin a yi ta ambatonta. Sai ka ga mata sun datse haƙora, idanu na hawaye, kowa na harare-hararen 'yar'uwarta. Da ɗaya ta kasa ta saki, sai tsakar gidan ya watse da ihu da dariya, a bar ta ita kaɗai a kan tabarma.

Inna, mahaifiyar Hindu, ba ta cikin masu saurare. Haka ta ce. Tana dai zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi, ta ba su baya, sai dai kullum kujerar tana ƙara matsowa. Washegarin faɗuwar Mayahi, Hindu ta fito da safe ta tarar da ita tana dakan gero a tsohon turminsu mai tsaga a baki. Ta zuba sukari, ta dunƙula gumba, ta cika akushi, ta fita ƙofar gida tana raba wa duk mai wucewa.

“Inna, sadakar mi ce wagga?”

“Ta tsari. Abin nan ya iso Mayahi, daga Mayahi sai ina?”

“Inna, labari ne hwa!”

“Na san labari ne, ba ki hi ni sani ba. Da baki anka yi shi ko da ƙahwa? Abin da baki ya ambata, ni sai na bi bayanshi da sadaka. Ke yi karatunki, ni in yi dakana.”

Hindu ta so ta yi kuka don haushi. Ta san sarai gumba ba ta shiga waya, amma abin mamaki, tun daga ranar annobar ta juya gabas, ta kama hanyar Tasawa. Kullum Inna na daka, kullum cutar na ƙara nisa. Da abin ya ishe ta, sai ta hau tsani ta saki saƙon murya a grup, rabi dariya rabi ƙara. Ta ce jama'a su zo su raba ta da tsohuwarta, ita tana roƙon annoba, Inna na korar ta da gumba. Ta kwashe komai ta faɗa, turmin mai tsaga, akushin, yadda Inna ke doke hannun duk wanda ya yi hamma bai rufe baki ba, ko da liman ne. Grup ya mutu da dariya. Ita marubuciyar kuwa, 'yar fuskar nan mai hawayen dariya kawai ta ajiye.

Sai ga ranar baƙin cikin Hindu. Annoba ta shiga Urafane, ranar kasuwa kuma, kuma Mansura ba ta yi musu rowa ba. Ta kashe masu awon gero a kan buhunansu, ta kashe mahauta, ta bar raƙuma suna yawo tsakanin rumfuna ba mai riƙe akala. Kashi guda cur aka ba su. Hindu tana karantawa muryarta na rawa, mata suka ɗauka tsoro ne, alhali hassada ce tsantsa. Ba ta kai ƙarshe ba saƙon Lamine ya shigo, ana jin abokansa a baya suna kaɗa galan.

“Mun mutu! Hindu, wallahi mun mutu duka, ko jinjiri ba a bari ba! Ku hwa? Har yanzu kuna nan da ranku? Allah sarki. Ki gaishe min da Gwaggo.”

Inna ta juyo gaba ɗaya, ta manta ba ta saurare. Urafane garin ubanta ne, can aka haife ta.

“Kasuwar tamu? Duka?” Ta tafa hannu. “To ai ga irinta nan. Gida cike da mata, an rasa mai daka gumba guda. Ki ce ma wannan shashashan ya daina murna, uwarshi ta ji kunya.”

Washegari akushi biyu ta cika.

Daga nan labarin ya yi ta tafiya, garuruwa na faɗuwa, har ƙauyukan da ba su kai rabin Attantane ba sun samu layi biyu ko uku. Hindu ta daina amsa saƙon Lamine. Da aka sanar cewa kashi na ƙarshe zai fito, ta riga ta sallama. Ta hau tsanin ne kawai don mata sun cika gidan, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba, wasu da wakensu, wasu hannu biyu.

A cikin labarin mutum ɗaya ta rage, wata mata mai suna Zainab, goye da ɗanta. Ta ɗaure idanunta da kallabi don kada ta ga bakin kowa, tana tafiya a makance cikin gonakin da ba a girbe ba. Ba kukan jaki, ba kiran salla, sai iska cikin karan gero. Hindu ta rage murya. Tanna ta cusa gefen mayafinta a baki. Zainab ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, har ta kwance goyon ta rungume shi tana jiran abin da zai zo. Sai ta ji wani sauti daga nesa, dum, dum, dum. Daka ake yi. Ta bi sautin da rarrafe har hannunta ya taɓa turmi, ta shafa bakinsa ta ji tsaga.

Hindu ta tsaya. Idanunta sun riga bakinta zuwa layi na gaba.

“Karanta mana!” in ji Tanna. “Ke Hindu, don Allah!”

Ta karanta. Zainab ta tambaya wane gari ne nan, wata tsohuwa ta amsa mata, “Attantane ne, ɗiyata. Kwance idonki, nan ba mai buɗe baki a gabana bai ruhe ba.” Ta sa mata dunƙulen gumba a hannu.

Guɗar da Tanna ta rangaɗa sai da kaji suka watse. Mata suka miƙe, wake ya zube, wata na rawa da faifai a ka. Hindu kuwa tana tsaye tana gungurawa ƙasa da yatsa, tana neman gawa. Ko ɗaya babu. Kashin ya fi na Urafane tsawo, ga rijiyarsu, ga rumbunansu, ga mata na ɓarar wake, har ga wata malamar lekol a kan tsani tana neman rezo, amma ko akuya ba ta mutu ba.

“Ko mutum guda!” ta ce. “Ko ni kaɗai ta kashe mana!”

Ta faɗa da haushi, amma da ta koma kan sunan garin ta sake ganinsa a rubuce, baƙi a kan fari, a shafin ƙarshe inda duk duniya ta ƙare ta bar su, sai haushin ya gushe. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ba ta shirya masa ba. Ta zauna a kan tabarma tana dariya, hawaye na zuba.

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta gyara zaman kallabinta kawai, ta ce, “Ita yarinyar da ta rubuta tana da hankali. Amma sukarin da nike sawa ya hi wanda ta hwaɗi.”

Wayar ta yi ƙara. Lamine ne, wannan karon kira ya yi. Hindu ta share ido, ta hau tsani a natse, ta buɗe murya yadda duk gidan zai ji.

“Hindu, kin gani? Ai na hwaɗa miki annoba ba ta zuwa garinku, ni ne na yi gaskiya...”

“Salamu alaikum, wa ke magana?”

“Kamar ya wa ke magana? Lamine ne!”

“Wane Lamine? Na Urafane?” Ta dubi matan, ta girgiza kai cikin jimami. “Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Lamine ya rasu ranar kasuwa, ni da bakina na karanta. Baki buɗe ya tahi, yadda ya saba.”

Dariyar matan ta hana a ji abin da ya ce. Inna ta miƙo hannu, aka sauko mata da wayar, ta riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta.

“Kai Lamine, in ka gama mutuwar, ka hau babur ka taho gobe. Na aje maka gumba.”