Ƙafar Baba Gana

Shekara goma sha tara Baba Gana yana tuƙa Hajiya Falmata a tsohuwar motarta mai giyar otomatik, daga Rijiyar Lemo zuwa shagonta na Kasuwar Singa, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai bana motar ta tsiro da wani hali. Ya taka totur, inji ya yi ta gurnani, mota tana tsaye, can kuma ta fizga kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ran Talata sai da Hajiya ta ƙume goshi a jikin kujerar gaba.

Ɗanta Abdulhafiz, wanda Baba Gana ya sha kaiwa firamare da majina a hanci, shi ya yanke hukunci. Ya zagaya unguwa da motar da sassafe, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau. Ƙafar tsoho ce ta fara rawa, a sallame shi ya je ya huta.

Hankalin Baba Gana ya tashi ƙwarai, don shi kansa ya fara zargin ƙafar. Ko a masallaci yakan saci kallonta, ya ga ko tana motsi ba da izininsa ba. Alfarma ɗaya ya roƙa: a kai motar wajen Boniface, bakaniken giya a Sabon Gari, kafin a karɓi makulli.

Boniface haifaffen Kano ne, Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Ko bonet bai buɗe ba, ya dubi Abdulhafiz.

"Alhaji, ƙarfe nawa ka gwada ta?"

"Bakwai na safe."

"Kai fa, Baba, yaushe take yi maka?"

"Bayan azahar, in mun shiga cunkoso."

"To ai ba mota ɗaya kuka tuƙa ba," in ji Boniface. "Man giya in ya ɗau zafi tsinkewa yake yi. Alhaji, karɓi makulli ka ja mu Singa."

Baba Gana ya zauna a baya, a mazaunin Hajiya, abin da bai taɓa yi ba. Munafukar motar nan ta yi minti ashirin tana tafiya sumul. Duk giyar da ta shiga lafiya, sai Baba Gana ya sake duban ƙafarsa. Ya danne gwiwa da hannu biyu, yana roƙon Allah abin da direba ba ya roƙo: mota ta lalace.

A bakin Singa, tsakanin tirelar taliya da 'yan adaidaita sahu, aka amsa wa Baba Gana addu'arsa. Abdulhafiz ya taka, inji ya ɗau kuka, mota ko gezau. Hon ta ko'ina. Wani ɗan dako ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in ba ka iya ba, ka ba tsoho mana!" Sai ta fizga, saura ƙiris su kwashe baron mai lemo.

Da suka koma gareji, Boniface ya bar injin a kunne, ya zaro sandar auna man giya ya goga a farin tsumma.

"Ja ya kamata ka gani, Alhaji, dubi baƙi. Sansana ka ji ƙauri. Wannan ƙyalƙyalin kuwa garin ƙarfe ne, farantan ciki sun cinye. Ƙafar Baba ba ruwanta."

Daɗi ya kama Baba Gana har idonsa ya kawo ruwa. Ya yi hamdala a fili, ya ce, "To, Oga Boniface, sai a juye a zuba sabo ko?"

Boniface ya kau da kai. "Ta wuce nan, Baba. Sai an sauke giyar gaba ɗaya, kuma motar da ta kai waɗannan shekarun, ni dai ba zan ba da shawarar haka ba."

Abdulhafiz ya matsa gefe ya kira uwarsa, amma ana jin sa sarai.

"Hajiya, na ɗauki alhakin Baba Gana, zan ba shi haƙuri. Motar ce. A'a, ba ta gyaruwa, a bar wa masu kayan gyara kawai. Ni zan riƙa sauke ki a shago, ai hanyata ce."

Boniface ya kashe injin. Ya zare makullin motar daga zoben makullai, ya miƙa wa Baba Gana abin da ya rage, makullin ɗakinsa da ɗan abin yanke farce. Baba Gana ya karɓa, ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta dama. Lafiyarta ƙalau, ko alamar rawa babu, sai dai ba ta da sauran abin takawa.