Cire Ɗakunan Nan

A ƙasan benen asibitin, kusa da wurin wankin zannuwan gado, akwai ɗakin kwamfuta. Mutum biyu ke aiki a ciki: shugaban sashen, wanda kowa ke kira Oga, da ƙanin matarsa, Dogo, magidanci mai 'ya'ya uku. Oga ne ya nema masa aikin, kuma bai taɓa bari ya manta ba.

"Ba don ni ba, da kana can kana hura ƙurar rediyon mutane," in ji Oga.

"Ba don Yayata ba, da har yau rigarka ba ta san dutsen guga ba," in ji Dogo.

Haka suke kullum.

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin, sunansa da ciwonsa da maganin da aka ba shi suna cikin wani babban jadawali da ake kira tebur, a rumbun bayanai na kwamfuta. An raba teburin shekara-shekara don nema ya yi sauri. Su ɗakuna suke ce wa rabon: kowace shekara da ɗakinta, goma sha biyu. Sai asibiti ya sayo sabuwar manhaja da ba ta karɓar rababben tebur. Dole a mai da shi falo guda.

Hanya biyu ce. Ko a kwafe bayanan zuwa sabon tebur, sannan a rushe tsofaffin ɗakunan da duk abin da ke cikinsu. Ko kuma a umarci na'ura ta ɗauke bangon da ke tsakani, komai ya zauna lafiya. A harshen na'ura umarnin biyu ko kama ba su yi ba. A bakin Oga da Dogo duk "cire" ne.

Ran Litinin suka tsaya a kan hanya ta farko: Oga zai kwafe, Dogo zai rushe. Ran Laraba Oga ya ga ɗauke bangon ya fi sauƙi, ya fasa kwafewa. Bai gaya wa kowa ba. Girman kai ne, ba mantuwa ba. Yana ganin shugaba ba ya yi wa na ƙasa da shi bayani.

Ran Alhamis da tsakar rana aka kira shi taro a sama. Ya tsaya bakin ƙofa, makulli a hannu.

"Dogo, cire ɗakunan nan kafin in dawo."

"Duka?"

"Duka. Sai na rubuta maka a allo?"

"A'a, ranka ya daɗe, kada a wahalar da hannun da aka saba ba shi cokali."

Dogo ya ɗauka an riga an kwafe. Ya bar ɗakin bana da ake aiki a cikinsa, ya rushe sha ɗaya. Minti huɗu bai cika ba.

Kafin a tashi daga taron, wata ma'aikaciyar jinya ta sauko da kati a hannu. Wata tsohuwa aka kawo, 'yarta ta ce akwai allurar da ta taɓa kumbura ta bara, amma ba ta san sunanta ba. An duba, babu tsohuwar, babu bara. Suka koma ga ajiyar kwafi, wadda kula da ita aikin Oga ne. Ta baya-bayan nan ta ƙi buɗuwa; wadda ta yarda ta buɗu shekararta uku. Abin da ke tsakani ya tafi.

Washegari Darakta ya zaunar da su biyun. Ya dubi Oga ta saman tabarau.

"Me ka ce masa ya yi? Kalmarka nake so."

"Na ce ya cire rabon teburin, wato bangon."

Ƙarya ce mai tsabta, kalma ɗaya kawai aka sauya. Dogo ya juyo ya dube shi. Da zai yi magana, sai ya tuna wanda ke riƙe da gidan Yayarsa, da kuɗin makarantar 'ya'yanta huɗu. Ya mai da kansa ƙasa.

"Kuskurena ne, yallaɓai."

Aka sallami Dogo daga aiki ranar.

A gida matar Oga ta yi kuka, ta kira ƙaninta a waya ta yi masa faɗa. "Mijina ya ɗauke ka ya rufa maka asiri, ka je ka zubar masa da mutunci!" Oga na zaune yana ji, yana cin abinci. Bai ajiye cokalin ba.

Wata biyar ya ɗauka kafin ya hau bene ya faɗa wa Darakta gaskiya. Darakta ya saurare shi yana sa hannu a wasu takardu.

"An riga an ɗauki wani a gurbinsa. In na buɗe fayil ɗin, kai za ka tafi, shi kuma ba zai dawo ba. Koma bakin aikinka."

Daga nan Oga ya wuce bakin tashar mota, inda Dogo ya kafa tebur da laima yana gyaran waya. Ya rame. Ya sa gilashin ƙara girma a ido ɗaya, yana tsince wata 'yar ƙaramar ƙusa.

"Na je wurin Darakta. Na gaya masa ɗakuna na ce."

Dogo bai ɗago ba. "To, ya mai da ni?"

"A'a."

"Kai fa?"

"Ina nan."

"To Allah ya sanya alheri. Ka sauke kayanka, ka ji sanyi." Ya hura allon wayar, ya goge da gefen riga. "Yaya ta sani?"

Oga ya girgiza kai.

"Wata biyar ba ta ɗaga wayata. Da ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi ko leƙowa ba ta yi ba. Ba Darakta ne ya raine ni ba, ita ce. In kana da sauran gaskiya, can za ka kai ta."

"Dogo, ka san halinta. In ta ji…"

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba." Ya miƙa hannu ta gefen Oga ya karɓi wayar wata mata da ke tsaye tana jira. "Ɗan gusa, Oga, ka tare mini masu zuwa."

Oga ya gusa. Ya shiga motarsa, ya kai mararrabar da ke zuwa gida, ya daɗe a tsaye har na baya suka fara danna masa ham. Sai ya karya kan motar ya koma asibiti.